Arsenik a Abincin Jarirai: Laccar da Ta Tsaya a Kan Shinkafa

Assalamu alaikum. Na baya, kuna jina? To, madalla. Abu uku zan taɓo: inda arsenik ke fitowa, abin da hukumomi suka yi, da abin da uwa za ta iya yi.

Na farko. A Fabrairun 2021 wani kwamiti na Majalisar Wakilan Amurka ya fitar da rahoto kan abincin jarirai na kamfanoni irin su Gerber da Beech-Nut. An samu arsenik, da dalma, da kadmiyam, da makuri, duk sinadarai ne masu guba. Kada ku ɗauka wani ne ya barbaɗa guba a masana'anta. Arsenik daga ƙasa yake fitowa, kuma shinkafa ce babbar mai ɗauko shi.

Me ya sa shinkafa? Nan fa nake so ku buɗe kunne. Shinkafa a cikin ruwa take tsayuwa. Idan ruwa ya kwanta a gona, iska ba ta ratsa taɓon, sai arsenik ɗin da ke maƙale da ƙasa ya saki, ya narke. Saiwar shinkafa kuma tana da wata ƙofa da take shan silika, don kara ya yi ƙwari. Arsenik ya yi kama da silika, sai ya bi ta ƙofar nan kamar baƙon da ya shiga gidan biki da rigar 'yan gida. Ba wanda ya tambaye shi! Ya shiga, ya hau, ya zauna a dusa. Na ce a dusa. Shi ya sa shinkafar da ba a surfe ba, wadda ake ta yaba wa, ta fi farar shinkafa yawan arsenik. Wasu gonakin kudancin Amurka kuma, irin na Arkansas da Luwiziyana, da can na auduga ne, ana yi musu feshi da magani mai arsenik. Auduga ta tafi, maganin yana nan. Ga jariri ɗan kilo bakwai, kullum kunun shinkafa, ƙwaƙwalwa kuma tana kan ginuwa.

Na biyu, a gurguje. A 2020 hukumar FDA, mai kula da abinci da magunguna a Amurka, ta sa iyakar arsenik: kashi 100 cikin biliyan a garin shinkafar jarirai. Na ruwan sha kashi 10 ne cikin biliyan. A Yunin 2021 Beech-Nut ta janye wani rukuni bayan gwaji a Alaska, ta ma daina yin garin shinkafar.

Na huɗu… au, na uku ko? Rubutun "organic", wato an noma ba da takin zamani ko maganin feshi na sinadari ba, a jikin gwangwani ba ya hana komai, ƙasa ba ta karanta takarda. A riƙa sauyawa: gero, dawa, masara, acca, alkama. In shinkafar ce, a dafa kofi ɗaya da ruwa kofi 6 zuwa 10, a tsiyaye. Yana rage kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, sai dai wasu sinadaran gina jiki suna bin ruwan.

Hajiya, kina da tambaya? A miƙa mata lasifika.

"Malam, in na tafasa ruwan sosai fa?"

A'a, Hajiya. Tafasa ƙwayar cuta take kashewa, arsenik ba rai gare shi ba. Ruwa ya tafi a tururi, shi ya zauna, har ma ya ƙara yawa a ɗan abin da ya rage. Ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. A Bangaladash rijiyoyin burtsatse ne suka jawo wa miliyoyin mutane shan arsenik, ruwan kuma garau kamar hawaye. In ruwan da kika dafa shinkafar yana da shi, kin ƙara ne, ba ki rage ba. Sai an ɗebi ruwan a kwalba an kai ɗakin gwaji. Ga ladan can ya fara, mu tashi.