Bayan Mako Nawa Ya Kamata A Ɗaure Ƙarfen Haƙori?

Assalamu alaikum wa rahmatullah, masu kallonmu na Makka da Jidda da Madina, da sauran garuruwan da Hausawa ke zaune a wannan ƙasa. Tambayar yau ta fito ne daga wata uwa a Makka, wadda aka sa wa 'yarta ƙarfen gyaran haƙori, wato abin da muka fi sani a nan da taƙwim. An sa ranar auren yarinyar bayan Babbar Sallah, saboda haka uwar take so ta ji ko za ta iya roƙon likita ya riƙa ɗaure ƙarfen duk mako, maimakon mako biyar-biyar da ya yanka musu, domin a gama a cire kafin biki. Hajiya, mun san abin da ke ranki, amma wannan roƙo zai cutar da haƙoran 'yarki, kuma dalilin yana cikin ƙashin muƙamuƙi.

Haƙori ba a kafe yake cikin ƙashi kamar ƙusa a jikin katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin akwai wani siririn tantani mai cike da zaruruwa da ƙananan jijiyoyin jini, wanda kaurinsa bai fi kimanin milimita 0.2 ba. Idan waya ta tura haƙori, tantanin yana matsewa a gefen da haƙorin ya nufa, yana kuma miƙewa a gefen da ya baro. A inda ya matse, jiki yana aiko da wasu ƙwayoyin halitta masu cinye ƙashi su buɗe hanya, a inda ya miƙe kuma wasu ƙwayoyin daban suna gina sabon ƙashi su cike gurbin da aka bari. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Sandstedt ne ya fara nuna haka a shekarar 1904, bayan ya sa wa karnuka ƙarfe a haƙora ya duba ƙashinsu da madubin likita. Wannan rushewa da gini aikin jiki ne, kuma jiki yana da nasa saurin: idan komai ya tafi daidai, haƙori yakan gusa kamar milimita ɗaya a wata guda.

Yanzu me zai faru idan aka ƙara ƙarfin ɗauri da nufin a yi sauri? Jijiyoyin jinin da ke cikin tantanin suna da laushi ƙwarai, idan aka danne su fiye da kima sai jini ya daina bi ta wurin, wannan ɗan yanki na tantanin ya mutu. Ƙwayoyin da ya kamata su cinye ƙashi ta jini suke zuwa, da zarar hanya ta toshe kuwa dole su zagaya ta cikin ƙashin su riƙa rarakowa daga baya, kuma kafin su iso sai haƙorin ya yi mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ma fiye, yana tsaye cak. Tun a 1932 likita Martin Schwarz na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya ya yi bayanin cewa ƙarfin da ya dace shi ne wanda bai rinjayi bugun jinin waɗannan jijiyoyi ba, ya kuma ƙiyasta shi da giram 20 zuwa 26 a kan kowace santimita murabba'i ta saiwa. Nauyin dabino biyu ko uku ke nan. Ƙarfi mai yawa ciwo yake ƙarawa, ba tafiya ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne saiwar kanta. Bayan kowane ɗauri, fatar saiwa tana ɗan zaizayewa, jiki kuma yana buƙatar makonni ya gyara ta. Idan aka sake ɗaurewa kafin gyaran ya kammala, aka kuma maimaita haka wata da watanni, ƙarshen saiwar yana iya narkewa ta gajarce, kuma tsawon da ya tafi ba ya dawowa. Yarinya za ta fita da haƙora a jere gwanin sha'awa, alhali tushensu ya ragu. Wannan ne ya sa a koyarwar likitocin gyaran haƙori ba a son sabunta ɗauri a ƙasa da mako uku, kuma abin da aka fi yi shi ne mako huɗu zuwa shida, wani lokaci har takwas. Kwanakin da kuke gani kamar zaman banza tsakanin mau'idi da mau'idi, wato ranakun ganin likita, suna cikin maganin.

Tazarar ba ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe, domin waya iri-iri ce. A watannin farko likita yakan sa siririyar waya ta haɗin nikel da titaniyom, wadda aka fara ƙera irin ƙarfenta a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka, kafin George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da ita aikin haƙori a farkon shekarun 1970. Halin wannan waya shi ne duk yadda aka lanƙwasa ta tana ƙoƙarin komawa siffarta ta asali a hankali, tana jan haƙoran da ƙarfi kaɗan wanda ba ya yankewa. Irin wannan waya tana iya yin mako takwas ko goma tana aiki, cire ta da wuri ma asara ce, domin ba ta gama abin da aka sa ta ba. Saboda haka idan likita ya duba bakin ɗanku ya sauya ƙananan robobin kawai ya bar wayar, kada ku ce kuɗin mota kuka ɓata.

Idan aka kai matakin rufe giɓi, lissafin yana sauyawa. A nan ana sa waya mai kauri ta baƙin ƙarfe, a ja haƙoran da sarƙar roba, ita kuwa roba takan rasa kusan rabin ƙarfinta tun a yinin farko, sauran ya riƙa raguwa a hankali cikin ɗumi da damshin baki. Bayan mako huɗu ba ta da wani abin kirki da za ta ƙara, sai an sabunta. Masu amfani da farin kwanson roba da ake cirewa kuma, su da kansu suke sauya shi a gida duk mako ɗaya ko biyu, da sharaɗin yana bakinsu awa 20 zuwa 22 a kullum.

Akwai kuma kuskuren da ya fi yawa a cikinmu, wato jinkiri. Azumi ya zo a ce sai bayan Sallah, aikin Hajji ya kama kowa ya shiga hidimar alhazai, hutun makaranta ya zo a tafi Kano ko Sakkwato ko Damagaram a yi wata uku, ƙarfe yana baki babu mai dubawa. A cikin wannan tsawon lokaci roba ta mutu, wani ɗan ƙarfen ya ɓalle saboda an tauna goro ko aya ko an ciji ƙwallon dabino, haƙorin da ya kuɓuce ya fara komawa inda ya fito, datti kuma ya taru a gefen ƙarfen ya bar farin tabo a jikin haƙori. Da haka aikin da aka ƙiyasta wa shekara ɗaya da rabi ko biyu yake zama uku. Wanda zai yi doguwar tafiya ya gaya wa likita tun da wuri, domin ya sa masa wayar da za ta jure ko ya ɗaure haƙoran su tsaya inda suke har ya dawo. A watan azumi kuwa asibitoci da yawa suna buɗewa da dare, ana iya karɓar mau'idi bayan tarawihi.

Hajiya, abin da ke hannunku wanda zai rage tsawon aikin shi ne kada 'yarki ta tsallake mau'idi ko ɗaya, ta sa robobin da aka ba ta na haɗa sama da ƙasa yadda aka ce ba tare da ta ninka su ba, ta tsabtace bakinta bayan kowane abinci, in kuma wani ƙarfe ya ɓalle a kira asibiti a ranar maimakon a jira ƙarshen wata. Game da biki, ku faɗa wa likitan ranar tun yanzu. Zai iya tsara ɗaurin ƙarshe ya faɗo mako biyu kafin ranar, tunda ciwon ɗauri yakan tsananta ne a kwana na farko da na biyu ya lafa cikin mako guda, kuma zai iya sauya robobi masu launi da farare waɗanda ba su cika fitowa a hoto ba.