Darasi: yadda za ka bi diddigin asalin gidanku da waya ko kwamfuta

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka daga nan Gusau. Kuna ganin allon kwamfutar kuwa? Ƙanena ɗan matso da kyamarar nan, yawwa, tsaya haka. To yau maganar asali za mu yi, waye kakan kakanka, daga ina ya taso, mi ya kawo shi garin da kuke yanzu. Saƙonni sun yi yawa, kowa cewa yake na shiga Google na rubuta sunan kakanmu ban ga komai ba. Ai ba za ka gani ba ɗan uwa, kakanninmu ba a yi musu takardar haihuwa ba, kuma sunan iyali guda da ake gada kamar na Turawa ba mu da shi, kowa sunan ubansa yake ɗauka ko na garinsu. Don haka ta gari ake shiga, ta sarauta, ta sana'ar gida, sannan a gangaro kan mutum.

Na ɗauka kun riga kun zauna da tsofaffinku kun ɗauki muryarsu a waya, wannan ba sai na koya muku ba, kowa ya iya danna rikoda. In ba ka yi ba to tsayar da bidiyon ga ka je ka yi, wallahi da gaske nake, musamman mu nan da rashin tsaro ya tada ƙauyuka da yawa, tsohon da ya san inda kushewar kowa take yanzu yana zaune gidan ɗansa cikin birni ba mai tambayarsa komai. Abu ɗaya kawai zan ƙara, ku fi ba tsofaffin mata lokaci, su ke riƙe da wa ya auri wa, wa ya sha nonon wa. Amma ku sani akwai alkunya, kaka ba za ta faɗi sunan mijinta ba ko na ɗanta na fari, sai dai ta ce malam ko mai gidan nan, kada ka matsa mata, ka tambayi ƙanwar mijin ko wata gwaggo. Kuma duk sunan da anka ba ka ka tambaya na yanka ne ko laƙabi, don Tanko da Bawa da Ɗanladi da Nomau duk akwai wani suna a ƙarƙashinsu.

To mu shiga. Na buɗe archive.org, kyauta ne, ba sai ka yi rajista ba in karatu kawai za ka yi na tsofaffin littattafai. Nan ne wurin da nake so ku natsu don shi ya fi wahalar da mutane. Turawan da sunka rubuta labarin ƙasar ga ba su rubuta sunaye yadda muke rubutawa ba, yadda kunnensu ya ji haka sunka sa. Kai ɗan Tsafe ne, ka rubuta Tsafe, shiru. Rubuta Chafe, C-H-A-F-E, ka ga ikon Allah. Kwatarkwashi a takardunsu Kotorkoshi ce. Gwandu Gando ce. Ita kanta Zamfara wasu da N sunka rubuta ta, Zanfara. Bajamushen nan Barth da ya ratsa ƙasar ga a 1853 har ya sauka Gwandu, wanda ya kira kansa Abdulkarim, littafin tafiyarsa na nan ciki, in kana neman Zurmi a wurinsa sai ka gwada da Y, Zyrmi. Kuma ba garuruwa kaɗai ba, Muhammadu zai zo maka a Mamman ko Mohamman ko Momadu, Umaru ya koma Omoru, Aliyu ya zama Aliu, Abubakar kuwa ka gwada Bubakar ka gwada Garba. Ni abin da nake yi, takarda nake samu in rubuta sunan a sama, ƙarƙashinsa in jera duk yadda Bature zai iya karkata shi, in riƙa gwadawa ɗaya bayan ɗaya ina sokewa. Na san da gajiya, amma in ka tsallake wanga mataki duk sauran darasin ɓata data ne.

Bari in nuna. A akwatin bincike na rubuta Temple Notes on the Tribes, littafi ne na 1919 da anka tattara daga rahotannin su Razdan da Di'o kan ƙabilu da masarautun Arewa. Ga shi ya fito. Sai in danna nan... a'a ba wannan ba, wannan na saukewa ne, ga shi can gefen hagu, alamar madubin dubawa, shi ke bincike cikin littafin kansa. Na sa Zamfarawa. Kun ga alamomin da sunka fito a ƙasa? Kowace ɗaya shafi ne. Abin lura, na'ura ce ta karanta tsohon bugu, wani lokaci tana ɗaukar harafi ta mai da shi wani, to in cikakken suna bai fito ba ka duba jerin sunayen da ke ƙarshen littafin da idonka. Sannan ku karanta da hankali, Bature ta bakin tafinta ya ji, kuma wanda ke kusa da fada shi ya ba shi labari, in abin da ya rubuta ya saɓa da na kakarka kada ka yi saurin cewa ita ta ɓata. Ka aje duka biyun gefe da gefe.

Wani abu da ke ruɗa yara masu tasowa, suna neman Jihar Zamfara a tsohuwar takarda. Jihar ga a 1996 anka ƙirƙiro ta, Kebbi kuma 1991, kafin nan duk Jihar Sakkwato ce, kafin 1976 Jihar Arewa maso Yamma, zamanin Turawa kuma mafi yawanta Lardin Sakkwato. Shi ya sa a gidan ajiyar takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna fayilolinmu ke ɗauke da lambar SOKPROF. Riƙe kalmar ga da kyau. In ka sa ta a Google tare da sunan gundumarku, kowanne cikin alamar zance, waɗannan 'yan ƙugiyoyi biyu, za ka ga kundayen digiri da sunka ambaci fayil ɗin garinku da lambarsa, ka kwafe lambar, ranar da ka samu zuwa Kaduna ba ka tsaya lalube ba. Rahotannin haraji su ne masu daɗi, ana kawo tarihin gari, jerin hakimai da dagatai, sana'o'in mutane, wace ƙabila ta zo daga ina. Talaka dai da wuya ka ga sunansa, gaskiya ke nan, amma in gidanku na limanci ne ko alƙalanci ko sarkin pawa ko sarkin maƙera, to da sarautar za ka nema. Ku kula da sarautun namu kuma, in ka ga Sarkin Katsina a fayil ɗin Lardin Sakkwato kada hankalinka ya tafi Katsina, mai yiwuwa na Gusau ake nufi, haka Sarkin Kiyawa Ƙauran Namoda ne, Sarkin Burmi Bakura, Sarkin Zamfara kuma ka duba ko na Anka ne ko na Zurmi. Wasu daga takardun Kaduna an ɗauki hotonsu an ɗora a shafin British Library, babban ɗakin karatu na Ingila, sashen da ke ceto takardun da ke neman lalacewa, eap.bl.uk, akwai na Larabci akwai na Turanci, sai dai hotuna ne, da ido za ka bi shafi shafi, ka tanadi data da caji.

Su kundayen digirin nan ma kada ku raina su. Jami'ar Ahmadu Bello tana da rumbunta a intanet, Kubanni, ana saukewa kyauta. Ni in na sauke kundin tarihi daga ƙarshe nake farawa, wurin da ɗalibi ke jera mutanen da ya yi hira da su, suna, shekaru, unguwa, ranar hira. Akwai wani bawan Allah da ya zo shagona, a irin wanga jeri ya ga sunan kakansa, an yi hira da shi tun shi wanda ya zo bai san kansa ba, ya zauna ya yi ta kallon allon yana share hawaye, ya ce shi bai taɓa sanin tsohon ya san tarihi haka ba. Tun da na ambaci shago, masu tsofaffin hotuna da takardun gona da wasiƙun ajami ku kawo mu yi muku sikanin, ba ma riƙe takardar kowa, a gabanka za a yi ka koma da abinka, kuma muna buga bishiyar dangi a babbar takarda ko ƙyallen ratayewa don taron zumunci. Don Allah ku daina liƙe tsohuwar takarda da salatif, yana cinye tawada.

To sai masu cewa kakanmu ya je yaƙin Bama. Shafin cwgc.org, na hukumar da ke kula da kaburburan sojojin da sunka mutu a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu ƙarƙashin Ingila. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su sunka yi Bama, kuma 'yan Arewa na da yawa ciki, mutanen Zuru ma kun fi kowa sanin wanga zance. Sojan wancan lokaci da sunansa da na gari ake rubuta shi, wane Sokoto, wane Gusau, wane Argungu. To a gurbin sunan ƙarshe sai ka sa garin. Na sa Gusau... tsaya, netuwok na juyawa, yawwa. In bai ba ka ba sai ka zuba sunan duka biyu a gurbi ɗaya, don sau da yawa haka anka shigar da namu. Za ka ga lambar soja, muƙami, ranar rasuwa, da inda anka binne shi ko anka rubuta sunansa a bango. Amma fa waɗanda sunka rasu ne kawai, wanda Allah ya maido gida ba ya ciki. Kuma garin da ke jikin sunan ba lalle mahaifarsa ba ne, ɗan ƙauyen Anka na iya zama wane Sokoto don lardinsa ke nan.

Shafin FamilySearch na neman asali, ana yawan tambayata a kansa. Kyauta ne, yana da kyau wurin zana bishiyar dangi, kuma sun bi wasu ƙasashen Afirka har da Najeriya suna ɗaukar salsala daga bakin tsofaffi. Abu biyu nake so ku sani kafin ku zuba sunayen iyayenku. Na wata coci ce a Amurka, ta Mormon, kuma a aƙidarsu akwai yi wa matattu baftisma, kowa sai ya auna da kansa. Na biyu, bishiyar ta tarayya ce, sunan mamaci da ka sa wani na iya gani har ya gyara. Ni dai bincike nake yi a ciki, ajiyata kuwa a Gramps take, manhaja ce ta kyauta da ke zama cikin kwamfutarka ko ba intanet, tana ɗaukar mutum da mata huɗu da 'ya'yan kowace ɗaki ba rikici. Su Ancestry da MyHeritage na kuɗi ne kuma takardun Turai da Amurka sunka fi yawa ciki, ban ga abin da za su ƙara wa Bazamfare ba. Gwajin DNA ma haka, zai ce maka Afirka ta Yamma, ba zai ba ka sunan kaka ko ɗaya ba, wanzamin gidanku da ya san tsagenku ya fi shi bayani.

Saura shekaru. Tsoho ba zai ce maka 1938 ba, cewa zai yi shekarar da anka naɗa Sarkin Musulmi Abubakar, to ita ce 1938 ɗin. Zuwan Turawa Sakkwato 1903, yaƙin Satiru 1906, isowar jirgin ƙasa Ƙauran Namoda 1929, rasuwar Sardauna 1966, canjin kuɗi zuwa naira 1973. Ka rubuta irin waɗannan a bangon littafinka, in gwaggo ta ce ina goyon wane anka kashe Sardauna ka samu shekarar haihuwarsa ke nan. In kuma gidan malamai ne ku duba bayan Alƙur'ani da cikin gafaka, ana rubuta haihuwa da rasuwa da shekarar Hijira. Lissafin gaggawa, ka ninka shekarar da 0.97 ka ƙara 622. Misali 1350, bari in danna, ya ba ni 1931 da rabi, wato tsakanin 1931 da 1932. In kana da wata da rana sai ka sa a manhajar canza kwanan wata ta ba ka daidai.

Wata magana kuma, bincike na iya fito maka da abin da ba ka zata ba, zancen bauta, ko rikicin gado, ko sarautar da anka tuɓe. Kada ka ɗauka ka watsa a gurup ɗin WhatsApp na dangi da dare ɗaya, ka fara kai wa manya, su sun san yadda za a faɗe shi ko a bar shi. Sunayen masu rai da hotunan mata kuma ba a ɗora su Facebook sai da izininsu.

Duk abin da ka samu ka yi sikirinshot ka sa masa suna nan take, gari, shekara, inda ka samo, lambar shafi, ba ka bar shi da lambobin nan da waya ke ba shi ba. Muryoyin tsofaffi ka tura Google Drive, ka kuma ba mutum biyu cikin dangi kwafi a memori. Darasi na gaba Gramps za mu buɗe mu shigar da gida guda tun daga kaka har jikoki, ku sauke ta kafin nan, kowa ya zo da sunayen da ya tara. Mai tambaya ya aje a ƙasa tare da sunan gundumarsu don in san ta inda zan duba masa. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.