Yadda Mai Koyo Zai Haɗa Kunun Zaƙi Kaɗan a Gida

Assalamu alaikum, masu kallo. A wannan bidiyon za mu yi bayanin yadda ake haɗa kunun zaƙi a gida, ɗan daidai wanda iyali za su shanye a yini ɗaya, tare da dalilin da ya sa ake yin kowane mataki, domin wanda ya san dalili ba ya rasa yadda zai gyara idan kunu ya ƙi. Mai koyo ya fara da rabin kilo na gero, wanda zai ba shi kunu kimanin lita 3 zuwa 4, gwargwadon kaurin da yake so. Idan wannan ya lalace asarar ba ta da yawa, kuma a garin zafi irin Sakkwato, kunun da ya wuce buƙatar gida yakan ƙare ne a kwata.

Kayan haɗin duk ana samunsu a Tsohuwar Kasuwar Sakkwato ko wajen masu awo na unguwa: gero, da dawa cikin tafin hannu biyu wadda za a tsirar, da dankalin Hausa matsakaici guda ɗaya, da citta, da kanumfari, da masoro, da ɗan barkono ga mai so.

Aikin yana farawa ne daga tsiro, kwanaki kafin ranar dama kunun. Za a wanke dawar, a jiƙa ta kwana ɗaya, a tsane ta, sannan a shimfiɗa ta a kan buhun algarara mai laima a cikin inuwa, a rufe ta, a riƙa yayyafa mata ruwa safe da yamma har kwana 3. Da zarar ƙwayar hatsi ta fara tsira, tana samar da wani sinadari da masana suke kira amilas, wanda aikinsa shi ne farfasa sitacin da ke cikin ƙwayar ya mayar da shi sukari domin ɗan tsiron ya ci. Wasu masana biyu 'yan Faransa ne suka fara tace wannan sinadari daga tsiron sha'ir a shekarar 1833, amma iyayenmu mata sun daɗe suna amfani da shi a madafa. Idan tsiron ya fito, a shanya shi a rana ya bushe ƙarau, sannan a murje shi da hannu a sheƙe saiwoyin da kawunan tsiron a zubar. Wannan murzar wajibi ce, saboda ɗanyen tsiron dawa yana ɗauke da guba, irin wadda take kashe dabbar da ta ci gyauron dawa a gona, kuma gubar tana taruwa ne a saiwa da kan tsiron. Duk tsiron da ya yi fumfuna ko warin ruɓa, kada a yi amfani da shi. Wanda bai samu damar tsirar da dawa ba yana iya dogara da ɗanyen dankalin Hausa kaɗai, domin shi ma yana da irin wannan sinadari, sai dai zaƙin ba zai kai na tsiro ba.

Shi kuwa geron, za a rege shi a fitar da tsakuwa, a jiƙa shi awa 12, a zubar da ruwan jiƙon, a sake wanke shi, sannan a kai inji a markaɗa shi da kayan ƙamshin ya yi laushi sosai. Tsiron, wato ƙwayar dawar da ta rage bayan an murje an sheƙe, da dankalin a markaɗa su daban a ajiye gefe.

Daga nan ne ake shiga matakin da yawancin masu koyo suke kuskurewa. Za a raba ƙullun geron kashi uku, a ɗauki kashi biyu a dama su da tafasasshen ruwa, ana juyawa da muciya har ya yi kauri kamar koko. Tafasasshen ruwan yana fasa ƙwayoyin sitaci ne ya kumbura su, domin sinadarin tsiro ba ya iya cin ɗanyen sitaci da sauri. Amma shi sinadarin, zafin da ya haura digiri 75 zuwa 80 a ma'aunin Selshiyas yana kashe shi, don haka wanda ya yi gaggawar zuba tsiro a cikin damu mai tururi zai wayi gari da koko mai kauri marar zaƙi, ya koma yana jibga sukari. Wanda kuma ya bari damun ya huce gaba ɗaya, sinadarin zai yi aiki a sanyaye, tsami ya riga zaƙi zuwa. Zafin da ake nema shi ne tsakanin digiri 60 zuwa 65. Idan babu ma'aunin zafi a gida, a wanke hannu a tsoma yatsa: idan ana iya tsoma shi amma ba a iya barinsa ciki ya daɗe, to lokaci ya yi. Sai a haɗa ragowar ɗanyen ƙullun da markaɗaɗɗen tsiro da dankali, a zuba a juya sosai, a rufe. Cikin ƙasa da awa ɗaya za a ga damun nan mai kauri ya tsinke ya zama ruwa-ruwa, kuma idan aka ɗanɗana za a ji zaƙi ya fara fitowa tun ba a sa sukari ba.

Bayan haka ana barinsa a rufe ya kwana. A cikin waɗannan awoyi wasu ƙananan halittu masu amfani, dangin waɗanda suke mayar da madara nono, suna cin wani kaso na sukarin suna fitar da ɗan tsamin da ke ba kunun zaƙi ɗanɗanonsa. Tsawon lokacin ya danganta da yanayi. A lokacin hunturu, cikin Disamba da Janairu, kunu yana iya ɗaukar awa 10 zuwa 12, amma a bazarar Sakkwato, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin rana yake wuce digiri 40, awa 6 zuwa 8 sun isa, kuma gara a ɗanɗana da asuba da a jira hantsi. Sai a tace shi da ƙyallen tata mai tsabta, a ƙara tafasasshen ruwan da ya huce idan ya yi kauri, a sa sukari kaɗan idan ana buƙata. A ganina kunun da tsironsa ya yi aiki ba ya bukatar sukari mai yawa, kuma yawan sukarin ma yana ɓoye ƙamshin geron.

Akwai wani batu da ya kamata a faɗe shi a fili. Tsirar da hatsi da barin tsiron ya narkar da sitaci, su ne dai matakan farko da masana'antun giya da masu dafa burukutu suke bi. Inda hanya ta rabu shi ne su suna ba yis damar cinye sukarin na tsawon kwanaki ya mayar da shi barasa, wadda Musulunci ya haramta, dokar Jihar Sakkwato ma ta hana tun da aka ƙaddamar da shari'a a shekarar 2000. Yis kuwa yana nan a jikin hatsi da cikin iska ko ba a zuba shi ba, saboda haka kunu mai zaƙi da aka yasar a wuri mai ɗumi zai kama wannan hanya da kansa. Ya zo a Sahihu Muslim daga Ibn Abbas cewa akan jiƙa wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi ya sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Kunun gero a zafinmu ba ya kaiwa kusa da haka, domin idan babu sanyi da wuya ya wuce yini ɗaya lafiya.

Saboda haka da an tace kunu a zuba shi a wankakkun gorori a sa a firji, ko a jera su a cikin kula da ƙanƙara idan babu wuta, kuma kada a zuba ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba a cikin kunun. Roba da ƙyallen tata da muciya a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana bayan kowane haɗi, domin ragowar tsohon kunu a jikinsu tana sa sabo ya yi saurin lalacewa. Gorar da aka ga ta kumbura ta yi tauri, ko ta yi huci da aka buɗe ta, ko kunun yana tsartsatsin kumfa da wari mai hawa kai, wannan ya wuce lokacin sha, sai a zubar da shi.