Wai digiri a kan wake?

Salamu alaikum jama'a, ga ni a kasuwar Mile 12 ta Legas, ku yi haƙuri da ƙarar motocin danfo ɗin nan, yau kam raina a ɓace yake wallahi. Ɗazu muna wajen mai shayi, ina ba da labarin ƙanena da ke karatun samar da sabon iri a Samaru, kawai sai maƙwabcin rumfata ya tuntsire da dariya wai "Alhaji digiri a kan wake? Ai ko kakata ta iya shuka wake." Mutumin da buhun wake ke ciyar da shi fa!

Na ce malam ka taɓa jin irin wake SAMPEA ko irin masara SAMMAZ? To SAM ɗin nan Samaru ce, Zariyarmu. A 2019 masu binciken noma na can suka fitar da SAMPEA 20-T wanda tsutsar nan mai huda kwanson wake ba ta iya masa, manomi ya huta da yawan feshi. Shiru ya yi yana juya cokali.

Ni ma fa da can kallon manomi mai takalmi nake wa yaron, sai da na je gida da babbar sallah na same shi da yamma a tsugune da hantsaki kamar mai cire ƙaya. Ashe wake shi ke yi wa kansa barbara, to kafin furen ya buɗe sai ya tsaga shi a hankali ya zare mazan furen guda 10 ɗaya bayan ɗaya, washegari da sassafe ya kawo garin furen wani waken ya shafa, ya ɗaura ɗan zare da lamba. Da yawa ma kakkaɓewa suke yi, aikin jiya ya tashi a banza. Wanda ya kama a shuka, jikokinsa su fito kowa da halinsa, wani dogo wani mai saurin nuna wani wuta-wuta ta cinye shi, a yi ta zaɓe ana rubutawa, shekara 8 ko 10 kafin kwamitin tantance iri ya amince a ba manoma.

Kuma abin da zaman Legas ya koya min, iri ko ya cika rumbu in bai yi wa mai saye ba an yi asara. Matan Yarbawa nan oloyin suke tambaya, jan nan mai zaƙi-zaƙi, ka miƙa musu fari su ce sai dai na ƙosai. Kullum ina faɗa wa ƙanen nawa, ka riƙa shiga kasuwa kana jin bakin mata.

Wanda zai tura ɗansa karatun nan, ina gargaɗinka, in yaro na gudun rana ko lissafi kar ka soma. Akwai ilimin gadon halitta, akwai ƙididdiga a kwamfuta, ga haƙuri kamar na mai dafa dutse. In ya jure akwai aiki a cibiyar binciken noma ta IITA a Ibadan da reshenta a Kano, ga kamfanonin iri, wasu har Ghana suke tafiya digiri na uku.

Kai na tuna ƙanshin ƙasar Samaru in an yi ruwan farko, nan ko ruwa sai kwata da cunkoso. Bari in je, ga wata mama can tana tona min buhu. Mama ana zuwa, oloyin ne ko?