Birki a Gangaren Hada: Abin da Ke Tsayar da Mota da Gaske

Assalamu alaikum 'yan uwa, na Makka, na Jidda, na Madina, da duk inda kuke kallonmu.

Wannan hanyar da kuke gani ta nannaɗe dutse ita ce hanyar Hada, wadda ke sauko da mutum daga Ɗa'if zuwa Makka. Duk wanda ya taɓa kai iyali shan iska lokacin zafi ya san ta. Kwana kan kwana, birai zazzaune a kan katangar bakin titi suna jiran a jefo musu abinci, wani lokaci hazo ya sauko har motar da ke gabanka ta ɓace maka. A kan wannan hanya na san mene ne birki.

Shekarun baya ne, ina saukowa da iyali, mota cike, mahaifiyata a baya tana jan carbi. Tun daga sama giya tana kan D, ƙafata kuma tana kwance a kan birki, ban ɗaga ba. Mun ci fiye da rabin gangaren sai na fara jin ƙauri, irin na tukunyar da aka manta a wuta. Da muka zo wata kwana na taka, sai ƙafata ta lume kamar na taka auduga. Na ɗaga na sake bugawa, sau uku, sau huɗu, ya ɗan kama. Na ja giya ƙasa, Allah Ya sa akwai fili a gefe na raɓa. Hajiya ta ce, "Lafiya, ɗan nan?" Na ce, "Lafiya lau Hajiya, bari mota ta huce." Hannuna kuwa rawa yake a kan sitiyari.

Kuma sati guda kafin nan na sa sababbin fahmat, wato takalman birki, a wani gareji. Sababbi ful. Man birki ne ba wanda ya duba, har da ni mai motar.

To, bari mu fara daga tushe. Birki ba ya haɗiye gudun mota, juya shi yake ya koma zafi. Idan ka taka, man birki ne ke ɗaukar ƙarfin ƙafarka ta cikin siraran bututu zuwa tayoyi. Can sai fahmat guda biyu su matse faifan ƙarfen nan da ke juyawa tare da taya, wanda a sina'iyya, unguwar masu gyaran mota, ake ce wa hob. Gogayyar nan ita ke cinye gudun, faifan kuma ya ɗauki zafi ya miƙa wa iska. Muddin iska na kwashe zafin daidai da yadda yake taruwa, kana da birki. Ranar da taruwar ta fi kwashewar, birki ya tafi, ko da jiya aka sa shi.

Ga lissafin Hada. Tsakanin Ɗa'if da Makka akwai tazarar tudu da ta haura mita 1,500. Motar da nauyinta ya kai kilo 1,500, idan ta sauko wannan tudu, ƙarfin da dole a kashe ya fi na a ce ka tsayar da ita cak daga gudun 120 sau ashirin a jere. Zafi ne da zai tafasa ruwa kusan lita 70. Iska da tayoyi suna rage wani abu, amma ragowar fa? Idan ba ka sa inji ya taya ba, duk a kan faifai huɗu zai sauka, kuma na gaba biyu su ne ke ɗaukar kaso mafi tsoka, don nauyin mota gaba yake zubowa idan an taka.

Zafin nan ta hanya biyu yake kashe birki, kuma ƙafarka za ta faɗa maka wanne ne. Idan abin takawar yana nan da tauri, kana dannawa da ƙarfi amma mota ta ƙi tsayawa, ga ƙauri, to fahmat ne suka yi zafi har suka daina cizon faifai. Idan kuwa ya yi laushi yana lumewa ƙasa, to man birki ne ya tafasa. Wannan na biyun shi ya same ni, kuma a kansa nake so mu ɗan zauna, domin shi ne mafi arha a gyara, shi ne kuma aka fi mantawa da shi.

Man birki yana da wata ɗabi'a: yana shan danshin iska. A hankali, ta murfin tankinsa, ta jikin robobin bututu, ruwa yana shiga. Ku dubi jikin wannan gwangwanin, an rubuta DOT 4. Ƙa'idarsa, sabo ba zai tafasa ba sai zafi ya kai aƙalla digiri 230. Amma idan ya sha ruwa kusan kashi huɗu cikin ɗari, zai iya tafasa tun a 155. DOT 3 kuma daga 205 yake faɗowa 140. Da ya tafasa sai tururi ya taru a bututu. Man birki ba ya matsuwa, shi ya sa yake isar da saƙon ƙafarka. Tururi kuwa matsuwa yake, sai ka taka har ƙasa saƙon bai isa taya ba. Mutanen Jidda da Yanbu, ku da ke bakin teku cikin wannan danshi mai manne riga a jiki, ku abin ya fi shafa.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan matsala shi ne tana ɓuya. Ka tsaya rabin sa'a, man ya huce, birki ya dawo garau. Sai mutum ya ce ai ya gyaru. Bai gyaru ba. Ruwan yana ciki, yana jiran wani gangaren.

Maganinsa a zubar da tsohon gaba ɗaya a zuba sabo, kamar duk shekara biyu, ko yadda littafin motarka ya ce. A zuƙe shi ta kowace taya har sai mai haske ya fito, ba a tsotse na cikin tanki kawai a cika ba. A buɗe sabon gwangwani a gabanka, don wanda aka buɗe aka ajiye wata da watanni a kan kanta ya riga ya sha iska. Ka duba murfin tankin, an rubuta irin wanda motar ke so. Kuma a kula, DOT 5 daban, DOT 5.1 daban. DOT 5 na silikon ne, ba a gauraya shi da sauran. Sannan idan ka ga man ya yi ƙasa, kada ka yi saurin cikawa ka rufe. Ko dai fahmat sun cinye ne man ya bi su, ko wani wuri yana yoyo. Sai an gano wanne.

Yanzu sai maganar da na san wasu matasanmu ba za su so ba. Za ka ga yaro ya tara riyal ɗinsa ya sayo manyan faifai masu huji-huji, ya fente abin matse fahmat ja, wai ya ƙara birki. Ƙanena, tsaya ka ji. Idan birkin da motar ta zo da shi yana iya kulle taya, ko ya tayar da ABS, na'urar da ke hana taya kullewa, idan ka danna, to ƙarfi ba shi ne ya gaza ba. Babban faifai yana jure zafi, wannan gaskiya ne, amma a tsayawa guda ta gaggawa ba zai rage maka wani abin kirki ba. Birki taya yake tsayarwa. Taya ce ke tsayar da mota.

Ku dubi inda tayar nan ta taɓa ƙasa. Bai wuce tafin hannu ba. Tafin hannu huɗu ke riƙe da kai da iyalinka a kan kwalta. A ƙasar nan kuma rana tana cin taya tun kafin hanya ta cinye ta. Za ka ga zanenta da sauransa, amma robar ta bushe ta yi tauri, gefe ya tsattsage kamar ƙasar fadama da rani. Irin wannan ba ta kama titi, sulɓi take. Ga yadda ake sanin shekarunta: a gefen taya, bayan rubutun DOT, akwai lambobi huɗu a ƙarshe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2321, an yi ta a sati na 23 na shekarar 2021. Duba wannan kafin ka biya kuɗi a wurin mai banshar, wato mai faci da sayar da taya, domin akwai tayar da ba ta taɓa hawa titi ba amma ta tsufa a sito. Tayar da ta haura shekara biyar a wannan rana tamu, ni dai ba na ɗaukar iyali a kanta zuwa Madina. Zane kuma idan ya sauka zuwa milimita 1.6 ya ƙare, kuma tun kafin nan ruwan sama ya fara fin ƙarfinsa. Kun san yadda titunan Jidda ke zama ranar ruwan farko, ƙura da maiƙo sun haɗu sun zama sabulu.

Iskar taya a auna ta da safe kafin a hau hanya, a bi lambar da ke manne a bakin ƙofar direba.

Fahmat kuma, a nan ne ake tambayarka, "Asli ko tijari?" Wato na kamfanin motar ko na kasuwa. Ba kowa ke da kuɗin wakala, wato dilan kamfanin motar, ba, na sani, kuma akwai kamfanoni sanannu da ke yin masu kyau a farashi mai sauƙi. Abin gudu shi ne wanda aka sa a kwali mai sunan asli alhali jabu ne. A cikin gari ba za ka gane ba, zai tsaya maka a kowace danja. Sai ya ji wuta halinsa ke fitowa. Kuma don Allah kada a sayo fahmat a tashlih, inda ake sayar da kayan matattun motoci. Ƙofa, fitila, madubi, duk a saya can. Ban da wannan.

Idan naman fahmat ya rage saura kamar milimita 3, lokaci ya yi. Ƙarar nan mai tsini da kake ji, wani ɗan ƙarfe ne aka sa da gangan ya yi maka kira. Idan ta koma gurnani, ƙarfe ke cin ƙarfe, faifan ma ya shiga lissafi. Shi faifan, idan bakanike ya ce a yi masa harɗi a goge fuskarsa, ka ce, "Malam, a auna tukuna." A jikinsa an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. Duk gogewa rage nama ce, faifai siriri kuma ba ya da inda zai ajiye zafi. Ka kuma roƙe shi ya zaro sandunan nan biyu da abin matsewar ke zamewa a kansu, ya wanke ya shafa musu girisin birki. Ƙurar ƙasar nan tana ƙame su, sai ka ga fahma ɗaya ta cinye ɗaya tana nan, mota tana fizga gefe guda. Aikin minti goma ne, amma sau da yawa sai ka yi magana ake yi.

Sababbin fahmat kuma ba a fita da su kai tsaye zuwa dutse. Nemi titi mara cunkoso, ka kai kamar 60, ka taka da matsakaicin ƙarfi har ka kusa tsayawa, ka saki, ka maimaita kamar sau takwas zuwa goma, sannan ka yi 'yar tafiya su huce. Haka suke sabawa da faifan.

Shokozoba da ta mutu ita ma tana tsawaita tsayawa, don taya tana tsalle maimakon ta lafe a ƙasa.

Saura kai direba. A gudun 120, mota tana cin mita 33 a daƙiƙa guda. Kafin idonka ya gani, ƙafarka ta tashi daga totur ta sauka kan birki, ka riga ka wuce tsawon manyan bas biyu, birki bai ma fara aiki ba. Kuma idan ka ninka gudu, nisan tsayawa ba ninki biyu yake ba, ninki huɗu ne. 'Yan uwa masu jigilar baƙin Allah tsakanin Jidda da Makka, mota cike da mutane da akwatuna da jarkokin Zamzam, ku ƙara tazara, domin kowane kilo zafi ne a kan faifai.

Idan abu ya faɗo maka kwatsam kuma motarka tana da ABS, danna da dukkan ƙarfinka ka riƙe. Za ka ji abin takawar yana karkarwa a tafin ƙafarka, yana ƙara. Ba lalacewa ba ce, aikinsa ke nan. Da yawa a nan suke tsorata su ɗaga ƙafa. Kada ka ɗaga, ka ci gaba da juya sitiyari ka kauce. A kan yashi ko tsakuwa dai, ko da ABS tsayawar tana yin nisa, sai a rage gudu tun da wuri.

Mu koma saman Hada. Kafin ka fara sauka, tsaya ka danna birki ka riƙe na ɗan lokaci. Idan yana lumewa a hankali, kada ka sauka da motar nan. Idan yana nan daram, sa giya a 2 ko L, ko ka ja ta ƙasa da hannu idan irin wannan ce motarka. Inji zai yi kuka, bar shi ya yi, shi ke riƙe maka motar. Kada ka kuskura ka sa ta a N wai don tsimin fetur. Birki kuma a taka shi sosai kafin kwana, gudu ya sauka, a ɗaga ƙafa gaba ɗaya ya sha iska. Jan sa a hankali ba ɗagawa, irin yadda na yi ranar nan, shi ke dafa shi.

In ka ji ƙauri ko laushi, nemi fili na farko ka raɓa. Idan ya riga ya lume, buga shi da sauri sau da yawa, ka sauke giya ɗaya bayan ɗaya, ka ja birkin hannu a hankali, ba fizga ba. Da ka tsaya, sa ta a P, ka tokare taya da dutse, ka ɗauke ƙafa daga birki. Kada ka watsa wa faifan ruwa, zai iya lanƙwashewa ko ya tsage. Ba shi rabin sa'a ko fiye. Idan laushi ya yi, ko da ya dawo, abin da ya fi shi ne a kira motar ɗauka ta sauko da ita, a wuce da ita gareji kai tsaye a zubar da man nan.