Haɗa Tarin Takardu a Ƙarƙashin Rikodi Ɗaya: Lacca ga Ma'aikatan Laburare

Assalamu alaikum. Malamai da abokan aiki, ina yi muku barka da zuwa.

Kusan kowace laburare tana da wani lungu da ake jibge kwalaye: ƙananan ƙasidu, fostocin zaɓe, takardun taro, hotuna. Suna nan shekara da shekaru, ba su shiga katalogi ba, mai bincike bai san da su ba, gara kuwa ta sani. Dalili ɗaya ne: muna jira sai ranar da za mu yi wa kowace takarda rikodinta, ranar kuma ba ta zuwa.

Mu ɗauki misali. A ce an kawo mana takardun yaƙin neman zaɓen 1979 guda 400, na jam'iyyu biyar ɗin nan: NPN, UPN, NPP, GNPP da PRP. In kowace za ta ci rabin awa, awa 200 ke nan. Alhali wanda zai zo nemansu ba fosta ɗaya yake so ba, so yake ya baje su gaba ɗaya ya ga yadda kowace jam'iyya ta yi wa talaka magana. Darajarsu tana cikin haɗuwarsu. To irin wannan shi ake yi wa rikodi ɗaya.

Kafin a taɓa kwamfuta, a fara da tebur. A tambaya: daga hannun wa suka fito? Abin da mutum ɗaya ko ofis ɗaya ya tara, kada a gauraya shi da na wani, kuma in ya zo da tsarinsa, a bar shi yadda yake. A cire ƙusar sitefila da roba, domin tsatsa na cin takarda, robar kuma narkewa take yi ta manne. A zuba a fayil marar asid, a rubuta lamba da fensir. Ban da biro, don Allah.

Sai rikodin. A tsarin MARC 21, wato ƙa'idar rubuta rikodin katalogi a filaye masu lamba, wanda manhajar laburare ta Koha ke aiki da shi, gurbi na 07 a sashen farko na rikodin (Leader) za a sa masa harafin c, alamar cewa tari ne. A fili na 008, harafin i na nuna shekarar farko da ta ƙarshe, k kuma na nuna shekarun da akasarin kayan suka faɗa. Fili na 300 yawan kaya ne: akwati 3, takardu 400. Fili na 351 ya faɗi yadda aka jera su, 541 daga inda aka samo su, 555 kuma ya nuna jerin da ke bayyana abin da ke cikin kowane fayil.

Inda nake so mu daɗe shi ne 245, filin suna, da 520, filin taƙaitaccen bayani, don a nan ake yin ɓarna. Tari ba ya zuwa da suna, kai ne za ka raɗa masa, ka kuma faɗa a fili na 500, na ƙarin bayani, cewa kai ka raɗa. Wanda ya rubuta "Takardu daban-daban" ya sake binne su, wannan karon a cikin kwamfuta. Sunan ya ƙunshi irin kayan, batunsu, wuri da shekara: "Fostoci da takardun yaƙin neman zaɓe, Jihar Kano, 1979". A 520 kuma a zayyana sunayen jam'iyyu, da harsunan da aka yi rubutun, boko ne ko ajami. Tunda rikodi ɗaya ke ɗauke da nauyin 400, duk kalmar da ba ka sa ba, ƙofa ce ka rufe wa mai nema. Haka nan kanun batutuwa a 650, kada a yi rowarsu.

Wani ya tambaya game da rubutun hannu na ajami da Larabci. A nan a yi hattara. Gafaka ɗaya kan ƙunshi littattafai da yawa na malamai daban-daban, ga ganyayyakin ba a ɗinke ba. Rikodin tari ya halatta a matsayin matakin farko, don a san suna nan, amma kowane littafi yana bukatar nasa bayanin: mawallafi, mai kwafa, farkon matani da ƙarshensa, yawan ganye.

Abu biyu kuma da ake mantawa. In ba a ƙirga an sa wa kowace takarda lamba ba, ranar da guda goma suka ɓace ba wanda zai gane. Sannan in an ƙaro kaya daga baya, a koma a gyara 300 da shekarun da ke 245 da 008 a ranar da aka zuba su a akwatin.