Yazoo: mutum biyu, faifai biyu, sai kowa ya kama gabansa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau Ingila zamu leka, karshen shekarar 1981, wani gari da ake kira Basildon a yankin Essex, gabas da Landan. A garin nan wasu samari suka kafa Depeche Mode, kuma wanda ya rubuta musu kusan duka wakokin faifansu na farko, Speak & Spell, shine Vince Clarke. Faifan ya fito a watan Oktoba, ya karbu, kudi sun fara shigowa, kawai kafin shekarar ta kare sai Vince yace shi fa ya fita daga kungiyar. Yana dan shekara 21 a lokacin. Mutum ne mai son zaman sitidiyo, yawon wasa gari gari da hira da yan jarida kuwa baya son su.

Toh a garin dai akwai wata yarinya Alison Moyet, ana mata lakabi da Alf, babanta Bafaranshe ne. Ita kuma ba ruwanta da kidan na'ura, wakar punk mai hayaniya da bulus (blues, salon wakar bakaken fatar Amurka) take yi a kananan mashaya, murya ce da ita mai kauri mai zurfi wadda in baka ga fuskarta ba zaka rantse wata dattijuwar bakar fata ce daga kudancin Amurka. Ta saka talla a jaridar Melody Maker tana neman makadan bulus, sai ga Vince ya kirata. Shi abinda yake so kadan ne, yana da wata waka a hannu mai suna Only You yana neman wadda zata rera masa gwaji ya kaiwa Daniel Miller, mai kamfanin Mute Records. Daga wannan gwajin aka samu Yazoo, kungiyar waka ta su biyun.

Bari in dan tsaya akan kidan, don anan dadin labarin yake. Abinda turawa suke kira synth-pop kida ne da ake hadawa da sintesaiza, wato kakan wannan fiyanon da ake buga wakoki dashi a sitidiyoyin Kano, sai dai na wancan zamanin wahala ce dashi ba kadan ba. Na'urar da Vince yafi dogaro da ita, Pro-One ta kamfanin Sequential Circuits, sauti daya tal take fitarwa a lokaci guda, ko ka danna maballi uku tare daya zaka ji, saboda haka dole ya dauki bes, wato sautin kasa mai kauri, daban ya dawo ya dauki karin waka daban ya sake dawowa ya dora wani akai, layi bayan layi a kan tef har waka ta tashi, ga injin ganga yana bugawa ba gaggawa ba jinkiri. Kidan sai ya fito tsaf tsaf da sanyi kamar karfe da asuba. Yawancin kungiyoyin lokacin muryar da suke dorawa akai itama mai sanyin ce, kamar mutum-mutumi ke magana. Alison kuwa da zafinta ta shigo, tana waka kamar wadda aka yiwa laifi jiya. Ni a ganina wannan haduwar ita ce Yazoo gaba daya, kuma har yau in na saka Only You tsigar jikina sai ta tashi.

Wakar ta fito a watan Maris 1982 ta kai lamba 2 a jadawalin wakokin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Don't Go ta biyo baya ta kai lamba 3. A watan Agusta suka saki faifai na farko, Upstairs at Eric's, sunan daga Eric Radcliffe ne, mai sitidiyon Blackwing a Landan wanda sukayi aikin tare, shima faifan ya kai lamba 2. A Amurka kuma dole suka yanke sunan ya koma Yaz, saboda akwai kamfanin faifan bulus da ya riga su sunan Yazoo. Can din wata waka ce daban ta daga su, Situation, wadda a Ingila a bayan faifan Only You aka makala ta, sai wani DJ mai suna François Kevorkian ya sake hada ta don gidajen rawa ta haye lamba 1 a jadawalin wakokin rawa na mujallar Billboard. Farkon 1983 aka basu kyautar Brit, wato lambar yabon waka ta Birtaniya, ta sabbin mawaka.

Amma fa duk wannan nasarar, su biyun basu taba zama abokai ba. Basu yi irin zaman nan na shekaru ana fama tare kafin a samu ba, daga haduwa sai daukaka. Vince a ransa faifai daya yazo yi ya wuce, Alison kuma yarinya ce yar shekara 21 da suna ya fado mata lokaci guda, tana bukatar wanda zasu zauna suyi magana, shi kuma ba mai magana bane. Lokacin faifai na biyu abin ya kai ga basa haduwa sosai a sitidiyo, shi yazo da safe ya hada kida ya tafi, ita tazo da yamma ta dora murya. Abin tausayi wallahi, don a haka ma aikin yayi kyau. Nobody's Diary, wadda Alison ta rubuta tun tana yar shekara 16, ta kai lamba 3 a 1983, kuma kafin faifan You and Me Both ya fito a watan Yuli an riga an sanar sun rabu. Bangon faifan ma karnuka biyu ne suna yiwa juna haushi. Shine faifansu da ya kai lamba 1, babu kungiyar da zata fita tallarsa.

A Kirsimetin shekarar wata kungiya The Flying Pickets ta rera Only You da baki zalla babu kayan kida ko daya, ta kai lamba 1, matsayin da masu wakar basu samu da ita ba. Alison ta fitar da faifanta Alf a 1984 shima ya kai lamba 1, ta hau dandalin Live Aid, babban wasan tara gudummawar yunwar Habasha, a Wembley a 1985. Vince ya kafa wata kungiya The Assembly ta dan lokaci tare da Eric Radcliffe, sannan a 1985 shima ya saka talla a Melody Maker yana neman mawaki, ya samu Andy Bell suka kafa Erasure, wannan karon zaman ya dore shekaru da dama.

Sai 2008, bayan shekara 25, suka sake haduwa sukayi zagayen wasa mai suna Reconnected a Turai da Amurka. A nan ne mutane suka fara jin yawancin wakokin You and Me Both a kan dandali daga bakin Alison, Vince na tsaye a gefe bayan na'urorinsa.